Daga Dokin Kara Zuwa Sirdi: Tarihin Koyon Hawa a Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke tsakanin Ungogo da Ɗambatta, ko tsakanin Dawakin Tofa da Bichi, ya san dokin da ɗa namiji yake fara hawa. Karan dawa ne da aka zaɓo daga gonar gida bayan girbi, aka tanƙwara kansa, aka ɗaura masa tsumma a maimakon ragama. Yaro ya sa shi tsakanin ƙafafunsa, ya bi lungu yana tayar da ƙura, shi ne mahayi, shi ne kuma mai haniniya. Tsakanin wannan dokin kara da ingarman da ke zamiya a ƙofar fada ranar Hawan Daushe akwai doguwar tafiya, kuma a zamanin da an san zangunanta ɗaya bayan ɗaya. Ba a tsallake zango, domin wanda ya tsallake, ko dai ya karya wuyansa, ko ya lalata dokin ubangidansa.

An yi rubuce-rubuce da dama a kan hawan salla: rawuna da alkyabbu, kakaki da tambari, da jerin hakimai. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne mafarin al'amarin, wato yadda wanda bai taɓa riƙe ragama ba yake zama mahayi, da yadda dukushi mai tutsu yake zama doki mai jin umarni. Wannan maƙala tana bin sawun wannan koyo ne a tarihin karkarar arewacin Kano. Hujjarta ita ce, abubuwa biyu suka tsara makarantar hawa a wannan yanki, yaƙi da ƙarancin fili. Yaƙi ya wuce, kayansa sun saura a matsayin ado, amma matakan koyon da ke hana kayan nan cutar da doki da mahayinsa suna neman ɓacewa, ga shi kuma ba a rubuta su ba.

Shigowar sirdi da linzami

Doki daɗaɗɗen abokin zama ne a ƙasar Hausa, sai dai irin hawan da muka sani yau yana da mafari. Masanin tarihi Robin Law, a littafin da ya wallafa a 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna cewa dawakin farko na wannan yanki ƙanana ne, irin waɗanda Bahaushe ke kira ƙuru, kuma ana hawansu ba sirdi. Manyan dawaki da kayan hawa sun biyo hanyoyin fatauci daga arewa da gabas, suka bazu wajen ƙarni na 13 da na 14. Harshen Hausa kansa shaida ne, domin sirdi ya samo asali daga kalmar Larabci sarj, linzami daga lijam, likkafa kuwa daga rikab.

Kundin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke a fagen yaƙi. Kundin ya kuma ce ya riƙa aika wa Kwararrafa dawaki, su kuma suna aiko masa da bayi. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma tana nuna darajar da doki ya kai, da irin farashin da aka biya da rayukan mutane. A zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, aka tsiri dawakin zage, wato waɗanda ake ja a gaban sarki ba tare da mahayi ba, tare da kakaki da figini. Daga nan doki ya riƙe matsayi biyu, na makami da na alamar mulki, har sarautu suka ginu a kansa: Madawaki mai jagorantar mahaya, Sarkin Dawaki, Barde, Lifidi, Shamaki mai kula da barga, Maja Sirdi, da Sarkin Zagi.

Abin lura ga mai nazarin koyo shi ne halin da barde yake ciki a fagen fama. Mashi yana hannunsa na dama, garkuwa da kamazuru suna na hagu, jikinsa kuma ya yi nauyi da sulke. Dole dokinsa ya tashi, ya tsaya, ya juya da ɗan motsin hannu ɗaya da matsin gwiwa. Irin wannan doki ba a haifarsa haka, horar da shi ake yi, kuma mai hawansa ma sai an horar da shi. Tun daga wannan zamani horon doki ya zama sana'a mai mutanenta.

Arewacin Kano a bakin daga

A ƙarni na 19 yankin da muke magana a kansa ya sha ganin ƙurar dawaki. A Ɗanyaya, arewa da birni, aka yi karon da ya karya ƙarfin Sarki Alwali wajen 1807. Bayan Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta a 1819, Ɗan Tunku, wanda ya kafa Kazaure, ya ƙi yi masa mubaya'a, arewacin Kano ya zama fagen kai hari da ramuwa na tsawon shekaru. Dabo ya mayar da Fanisau sansaninsa, kuma a can Bature matafiyi Hugh Clapperton ya same shi a farkon 1824. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa sarki zai iya tara mahaya 7,000 da dakaru fiye da 20,000. A ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarki Alu, rundunar Damagaram ta gangaro daga arewa, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa.

Dawaki 7,000 na bukatar hannaye da yawa fiye da na mahayansu. Kowane doki yana son mai yankan ciyawa, mai ban ruwa, mai share turke, da zagi. Mafi yawan waɗannan mutane barori ne da bayi, kuma gandayen sarki da ke kewaye da Fanisau suna cikin masu samar da hatsi da abincin dawaki. Shi kansa Shamaki sarautar bayin sarki ce. A nan aka samu wani giɓi a tarihinmu: waɗanda suka fi kowa sanin halin doki ba su ne ke gaban jerin gwano ba, kuma ba su ne marubuta suka damu da su ba. An adana sunayen sarakuna da jarumai a kundi da kirari, amma ilimin wanda ya fara ɗora wa dukushi sirdi ya tsaya a bakinsa da hannunsa, daga gare shi zuwa yaron da ke taya shi aiki.

Ƙasa mai cunkoso, doki a turke

Abu na biyu da ya tsara koyon hawa shi ne yanayin ƙasar. Karkarar da ke kewaye da Kano tana cikin wurare mafi yawan manoma a Afirka ta Yamma, abin da Michael Mortimore ya yi nazari a kai tun shekarun 1960. Gona tana manne da gona, ana noma ta kowace damina ba hutu, ana kuma riƙe ƙarfinta da taki. A irin wannan ƙasa babu makiyayar da za a saki doki ya yi yawo. Dokin Bakano ɗan turke ne, a ɗaure yake kwana, a ɗaure yake wuni, abincinsa kuma kawo masa ake yi: ɗanyar ciyawa da damina, harawar wake da ta gyaɗa da rani, dawa ko gero da dusa, da 'yar kanwa a ruwan sha. Kashinsa kuma a kwashe a kai gona. Ta haka doki ya shiga lissafin noma, ya ci daga gona, ya mayar mata da taki.

Wannan zaman turke ya haifar da abubuwa uku. Na farko, doki ya saba da mutum ƙwarai, tunda komai nasa daga hannun mutum yake fitowa. Na biyu, ingarman da ke cin hatsi yana ɗaure ƙarfi yake tarawa, idan ba a fitar da shi kullum ba sai ya zama mai cizo da harbi. Daga nan kilisa ta samo asali, wato fita da doki da la'asar don ya motsa jiki cikin natsuwa. Na uku, da damina hanyar fita ɗaya ce, burtali, siririyar hanyar dabbobi da aka kange da aguwa, dawa tana dama, gero yana hagu. Mahayin da dokinsa ya kauce ya shiga shuka ya jawo wa ubangidansa ƙarar ɓarna a gaban mai unguwa ko dagaci. Saboda haka burtali ya zama makarantar tafiya miƙe, kamar yadda gonakin da aka girbe suke zama filin sukuwa da rani. Yashin jigawa yana da taushi ga kofaton da ba a sa masa ƙarfe, yana da sauƙi kuma ga haƙarƙarin wanda ya faɗo.

Zangunan mai koyo

Bayan dokin kara, jaki ne malamin ɗan karkara na biyu. Yaron da ke kai taki gona a mangala, ya dawo a bayan jakin ba sirdi ba likkafa, yana koyon zama daidai da bin motsin dabba da ƙugunsa, ko da bai san koyo yake yi ba. Wanda Allah ya nufa da shiga gidan mai doki, ko gidan dagaci ne, ko na hakimi, ko na wani attajiri, sai ya fara daga ƙasa. Lauje za a miƙa masa tun da asuba. Ya yanko ciyawa, ya share turke, ya kawo ruwa, ya wanke doki, ya tsefe geza da wutsiya, ya duba kofato. A cikin wannan hidima yake gane abin da ba a faɗa da baki: in doki ya kwantar da kunnuwa, fushi ne, in ya ƙi abinci yana waiwayen cikinsa, ciwo ne, ba a zuwa masa ta baya, kuma ba a taɓa shi sai an yi masa magana.

Ina yaro, a gidan kakana na wajen uwa, akwai wani dattijo da ya yi ƙuruciyarsa a bargar wani hakimi, shi ke kula da doki ɗaya tak da ya rage a gidan. Na shafe damina guda ina yi masa yankan ciyawa, ran nan haƙurina ya ƙare na ce, "Baba, ni yaushe zan hau?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Yaro, ka san wanda za ka hau tukuna." A lokacin na ɗauka rowa ce. Sai da na girma na gane cewa manhajar makarantarsu gaba ɗaya ya karanta mini.

Zango na gaba shi ne jan doki. Yaro ya riƙe asalwayi ya yi tafiya a gefen kafaɗarsa, ya koyi tsayar da shi da juya shi daga ƙasa, wanda shi ne aikin zagi. Sannan a bar shi ya hau ba sirdi, da ragama kawai, ya kai shi rafi ko kududdufi. A nan ake faɗuwar farko, a nan kuma cinya take koyon riƙo. Bayan haka ne ake nuna masa ɗaurin sirdi: a shimfiɗa zubka ta kwanta lumui don kada ta ci bayan doki, a ɗora sirdi, a ja majayi sannu-sannu, a daidaita tsawon likkafa. Sirdin Hausa yana da kwacciya mai tsawo gaba da baya, yana rungume mahayi, shi ya sa ba a fara koyo a kansa. Wanda ya fara da shi zai ɗauka ya iya zama, alhali itace ne ke riƙe da shi.

Linzami ne na ƙarshe, kuma akwai dalili. Linzamin gargajiya yana da harshen ƙarfe da ke shiga baki, da zobe da ke kewaye haɓar doki ta ƙasa. Ɗan ja kaɗan ya isa ya tsayar da ingarma mai sukuwa. An ƙera shi ne don mutumin da hannu ɗaya kawai ya rage masa a tsakiyar yaƙi. A hannun gwani kamazuru a sake yake, doki yana jin nauyinsa kawai ya san abin da ake nufi. A hannun wanda bai iya zama ba, wanda ke kama kamazuru don kada ya faɗi, linzamin nan wuƙa ne. Duk hikimar jerin zangunan tana nan: sai zama ya kafu ake ba mutum linzami, sai hannu ya yi taushi ake ɗaura masa ƙaimi.

Horon dokin kansa

Shi ma doki haka ake bi da shi. Dukushi yana fara sanin ragama da turke da dabaibayi, sannan a riƙa jansa a bayan babban doki mai hankali, ya ga kasuwa, ya ji kiɗa, ya saba da taro. A ɗora masa zubka ita kaɗai, daga baya sirdi ba mahayi, sannan yaro mara nauyi. Wasu masu horo kan yi amfani da tarnaƙi, igiyar da ke haɗa ƙafar gaba da ta baya, don su daidaita masa tako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya yi gaggawa karya shi yake yi, kuma dokin da aka fara da duka ba ya mantawa.

Abin da ake nema a ƙarshe sananne ne ga duk wanda ya taɓa kallon hawa. Akwai taƙama, inda doki ke tattara jikinsa, ya lanƙwasa wuya, ya riƙa ɗaga ƙafa yana ajiyewa a kan kiɗa. Akwai sassarfa, akwai sukuwa. Akwai zamiya, inda doki mai gudu yake dunƙule ƙafafun baya a ƙarƙashin cikinsa ya tsaya cik. Akwai kuma tsayuwa rimi, ya ɗaga ƙafafun gaba ya tsaya a kan na baya bisa umarni. Kowanne yana da tushe a fagen fama, inda tsayawa nan take da juyawa a ƙuntataccen wuri suke raba mai rai da gawa. Jafin da hakimai ke yi a gaban sarki, su sako dawaki a guje su zame suna jinjina, jarrabawa ce a bainar jama'a, ta nuna cewa doki da mahayi a shirye suke.

Bayan 1903

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila suka shiga Kano. Makonni kaɗan bayan haka, a Kwatarkwashi, mahayan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu suka yi ta afka wa sahun masu bindiga, Waziri ya yi shahada a wurin tare da mutane da yawa. Daga wannan rana aikin doki na yaƙi ya ƙare a ƙasar Kano.

Abin mamaki, shekarun da suka biyo baya sun kusantar da manyan barguna ga karkara. Wajen 1908 Turawa suka sa hakimai su bar birni su zauna a gundumominsu. Madaki ya zauna a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Ɗambatta, Bichi kuma ta zama mazaunin Ciroma, inda Abdullahi Bayero ya yi hakimci kafin ya zama sarki a 1926, ɗansa Muhammadu Sanusi ma ya biyo bayansa. Kowane hakimi ya tafi da dawakinsa da masu kula da su, ana rangadi da karɓar haraji a kan doki, dagatai ma kowa yana ƙoƙarin ya ɗaure nasa. Kuɗin gyaɗa da suka shigo bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sun ba wasu manoma da 'yan kasuwa halin sayen doki, harawar gyaɗar kuma ta ciyar da shi. Yaran ƙauye da yawa sun samu shiga makarantar turke a wannan zamani.

A ɗaya ɓangaren, Turawa sun ga amfanin hawa a matsayin biki. An yi babbar daba a Kano a 1925 don Yariman Wales, aka yi wata a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, aka sake yin wata a can a 1977 lokacin bikin FESTAC. Hawan salla ya ci gaba da jerinsa, har da Hawan Fanisau, wanda ke mayar da sarki tsohon sansanin Dabo. Amma a hankali keke da mota da babur suka karɓe aikin yau da kullum. Dokar 1936 ta kawo ƙarshen bauta a Arewa, makarantar boko da neman kuɗi a birni suka janye yaran da a da za su yi shekaru suna yankan ciyawa. Gonaki suka ƙara tsukewa da rabon gado, burtali da yawa aka cinye su da garma, harawa ta zama hajar sayarwa mai tsada. Doki ya koma dabbar kwanaki ƙalilan a shekara.

Yadda Turai ta yi da nata gadon

Ba mu kaɗai wannan sauyi ya sama ba. A Turai ma horon doki daga yaƙi ya fito. Zenofon, Bagirke, ya rubuta littafi a kan hawa tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ya yi gargaɗi a kan horo cikin fushi. Federico Grisone na birnin Napoli ya wallafa nasa a 1550, Bafaranshe La Guérinière ya fitar da nasa a 1733. Da bindiga ta kori doki daga fagen fama, sai wannan ilimi ya zama wasa mai ƙa'ida da ake kira diresaj, kalmar Faransanci mai ma'anar horarwa. Ya shiga gasar Olamfik a 1912, hafsoshin soja kaɗai ke yinsa, sai a 1952 aka buɗe wa kowa, har wata 'yar ƙasar Denmak, Lis Hartel, wadda shan inna ya raunana mata ƙafafu, ta ci lambar azurfa.

Abin da ya shafe mu shi ne yadda suke karɓar sabon shiga. Ana ba shi doki mai hankali da ya riga ya ƙware, da linzami mai taushi mara zobe. Malami yana riƙe da doguwar igiya, doki yana kewaya shi, ɗalibi yana koyon zama ba tare da ya kama kamazuru ba. Filin masu farawa mita 20 ne a faɗi, 40 a tsawo, kuma jarrabawar farko ba ta wuce tafiya da sassarfa da kewaye da tsayawa daidai ba, alƙali yana ba da maki daga 0 zuwa 10. Jamusawa sun jera matakan horo guda shida: daidaiton tako, sakin jiki, fahimta tsakanin hannu da baki, kuzari, miƙewa, sannan tattara jiki a ƙarshe. A tsohuwar makarantar hawa ta birnin Viyana, ɗalibi yana farawa ne da aikin barga, ya daɗe a kan igiya ba likkafa kafin a amince masa.

Wanda ya san tsarin bargunan Kano zai ga abin da ya saba da shi a nan. Hidima kafin hawa, zama kafin linzami, taƙama a ƙarshe. Bambancin shi ne su sun rubuta nasu, sun mayar da shi darasi da jarrabawa, don haka ya rayu bayan mutuwar rundunar dawaki. Ba wai nasu ba shi da aibi ba ne, domin har yau ana kama manyan 'yan wasansu da laifin azabtar da dawaki. Amma akwai rubutacciyar ƙa'ida da ake auna su da ita.

Halin da ake ciki

A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan dabar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, kamar yadda ta sa makarantar Viyana a 2015. Abin alfahari ne, kuma sha'awar doki ba ta ragu a zukatan samari ba. Ana hayar dawaki don angwanci da saukar karatu da salla, a birni da ƙauye. Matsalar ita ce saurayin da ya biya kuɗin haya yana farawa ne daga zangon ƙarshe. A rana ɗaya ake ba shi sirdi da linzami da ƙaimi, bai taɓa share turke ba, bai san doki yana magana da kunne ba. Na ga sakamakon haka da idona a wani hawan angwanci a ƙauyenmu: doki yana zubar da kumfa ja, haƙarƙarinsa duk sawun ƙaimi, mahayin yana fizgar kamazuru yana murna wai dokinsa na rawa, alhali zafi ne yake sa shi tsalle. Kalmar kilisa kanta ta sauya ma'ana a bakin matasa, ta tashi daga fita cikin natsuwa ta koma tsere a kan kwalta, har hukumomi a Kano sun sha hana ta saboda haɗurra.

Laifin ba na samarin kaɗai ba ne. Ba wanda ya nuna musu cewa akwai matakai, waɗanda suka san matakan kuma tsufa ya cim musu.

Kammalawa

Tarihin nan yana nuna abin da ya kamata a yi, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, a je wa dattawan da suka yi aiki a bargunan Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa da fadar Kano, a naɗi bayaninsu tun suna raye: sunayen launukan dawaki irin su akawal da kili da bidi da hurde, sunayen kayan hawa, magungunan da suka sani, da tsarin da suka bi wajen horo. Wannan aiki ne da ɗaliban Hausa na Jami'ar Bayero za su iya ɗauka, Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Ɗambatta kuma ta duba ɓangaren lafiya da ciyarwa. Na biyu, a rubuta zangunan mai koyo cikin Hausa mai sauƙi, yadda mai ba da hayar doki da uban yaro za su iya karantawa. Na uku, hakimai da dagatai masu dawaki su buɗe ƙofar barga ga yaran da ke so, da sharaɗin dā: a fara da lauje, a hau da ragama ko linzami mai taushi, a bar mai zobe da ƙaimi sai hannu ya nuna. Fili ba zai gagara ba, domin gonar da aka girbe mai taku arba'in ta isa, daga kaka har faɗuwar ruwa.

Kakanninmu sun karɓi sirdi da linzami daga nesa, suka gina musu tarbiyyar da ta dace da ƙasarsu mai cunkoso, kuma mutanen da tarihi bai riƙe sunayensu ba ne suka ɗauki nauyin wannan tarbiyya shekaru ɗaruruwa. Har yanzu yara suna tanƙwara kara bayan girbi a Kunchi da Makoɗa da Minjibir. Hakkinsu ne a kanmu su tarar da wanda zai nuna musu zango na biyu.